Duba-gari da Layin Tsofaffi

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 7:20 na safe

Likita ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta abin da na yi kowace rana da lokacin da na yi shi. Ga shi na saya. Ta ce kada in yi wa magana kwalliya, in rubuta ta yadda take.

To. Na tashi lafiya. Na yi sallah. Na san ranar, na san watan, na san inda na ajiye makullin mota. Alhamdulillahi.

Yau zan koma aiki. Ranar Asabar da muke zaune a bencin asibiti ni da Maman yara, na ɗauka sai dai in aika a kwaso mini kofina da dardumata daga ofis. Likita ta ce in je, aikin ba zai cuce ni ba, zaman gida ne zai cuce ni.

Litinin, ƙarfe 1:45 na rana

Babu wanda ya yi mini kallo na daban. Mai gadin ƙofa ya ce, "Kawu, an tashi lafiya?" kamar kullum. Kowa a nan Kawu yake ce mini. Shekara ashirin da biyu ke nan ina wannan cibiya, tun muna da kwamfuta tara a ɗaki ɗaya da fanka biyu. Yanzu sabobi ɗari huɗu da ɗoriya ne, manyan kwamfutocin da muke riƙe wa asibitoci da makarantu da kamfanoni ayyukansu, a jere layi takwas cikin sanyin da ke sa gwiwata ciwo.

Na shiga ɗakin sabobin. Na zaga. Hannuwana na cikin aljihu har na fito.

Allon bango da ke nuna lafiyar sabobi duk kore.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Bari in rubuta maganar Alhamis sau ɗaya in huta.

Shekara uku da suka wuce aka kawo mana manhajar saiti. Yadda ake son kowace saba ta kasance, an rubuta shi a kundi guda: wace ƙofar shigar bayanai ce a buɗe, wace ce a rufe, wa ke da izinin shiga, me zai tashi idan an kunna. Duk rabin awa manhajar takan zaga ta gwada kowace saba da abin da ke cikin kundin. In ta tarar an saɓa, ta mayar da shi yadda aka rubuta, ta kuma ajiye sunan wanda ya taɓa. Ni na laƙaba mata Duba-gari, don raini. Injiniyar da ta kawo ta kuwa na sa mata Alƙaliya, domin babu canjin da zai shiga kundi sai ta karanta ta sa hannu. Sunayen biyu duk sun bi su. A gabanta dai Injiniya nake ce mata.

Ranar Alhamis da ƙarfe 11:04 wani ya shiga wata saba a layi na uku da hannunsa, ba takardar neman canji, ba komai, ya rufe ƙofar da sakamakon gwaje-gwajen wani asibiti ke bi. Minti goma sha tara likitocinsu ba sa ganin komai. Da 11:23 Duba-gari ya zo zagaye ya buɗe ta.

A taron la'asar Manaja ya tambaya wane ne. Ni ne na fi kowa ɗaga murya. Na ce a bincika, kuma duk wanda aka kama kada a yi masa sassauci, rayukan mutane ne. Alƙaliya tana ta kallon takardarta.

Da aka tashi ta biyo ni ɗakin shayi, ta tura ƙofa, ta juyo mini da kwamfutarta. Sunana. Makullina na shiga sabobi. 11:04. A ƙasa kuma ga shaidar katin ƙofa, na shiga ɗakin sabobi da 10:58.

Ta ce, "Kawu, ko wani ya samu makullinka ne?"

Hanyar fita ta ba ni, na gane. Na duba umarnin da aka rubuta. Akwai yadda nake barin fili biyu kafin lambar ƙofa, tun zamanin wani tsohon allon rubutu da maɓallinsa ke maƙalewa. Duk cibiyar babu mai rubuta haka sai ni.

Abin da na tuna na safiyar Alhamis: na haɗa shayi. Sai kiran azahar. Tsakaninsu babu komai.

Ita da kanta ta buga wa asibitin waya. Babu wanda ya cutu. Sau uku na sa ta maimaita mini. Babu wanda ya cutu.

Na rubuta. Shi ke nan.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 8:05 na safe

Ina goge haƙora abin ya faɗo mini, sai da na dafa bango.

Layi na uku na taɓa. Da layi na shida ne fa?

Layi na shida shi ake ce wa layin tsofaffi. Sabobi goma sha huɗu, ni na kafa su da hannuna, ni na hana a sa su ƙarƙashin Duba-gari. Shekara uku Alƙaliya tana kawo maganar a taro, shekara uku ina ce mata, "Injiniya, waɗannan ba sa son baƙon hannu." Ba a rubuta saitinsu a ko'ina ba. Yana cikin kaina. Kan da ya zubar da awa biyu ranar Alhamis.

Da a can na rufe ƙofa, da har yanzu a rufe take, ina kuma tsaye a taro ina cewa a hukunta mai laifi.

Laraba, ƙarfe 12:30 na rana

Na je teburinta. Na ce, "Injiniya, abu biyu. Ki cire mini babban makulli, kada in sake iya shiga ko'ina da hannu. Sannan mu kwashe layin tsofaffi mu zuba a kundi, tun da sauran..."

Ban ƙarasa ba. Ba ta ce in ƙarasa ba.

Na jira ta ce ai ta faɗa. Tana da hakkin faɗa. Sai ta jawo kujera daga teburin da ke kusa, ta share ƙurar da gefen mayafinta ta ce, "Zauna, Kawu. Da wacce za mu fara?"

Da ta cire makullin na ɗauka zan ji kamar an tuɓe mini riga a kasuwa. Sai na ji kafaɗuna sun sauka. Abincin rana na cinye tas, rabona da haka tun Alhamis.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Ga yadda muke yi. In buɗe saitin saba a gaban Alƙaliya, in karanta layi-layi, in faɗi dalilin kowane. Ita ta rubuta a kundi, da dalilin a gefe. Sai mu sa Duba-gari ya yi zagayen gwaji, wato ya duba ya faɗi abin da da zai canza, amma kada ya taɓa. In ya ce babu bambanci, sai mu miƙa masa sabar.

Ta farko ta ci mana awa biyar. Akwai wurare huɗu da na rubuta wa kaina, shekaru da suka wuce, "kar a taɓa wannan."

Ta ce, "Kawu, 'kar a taɓa' ba dalili ba ne."

Na ce, "A zamaninmu dalili ne."

Dukansu huɗu na tuna dalilinsu. Dukansu. Na riƙa faɗa tana bugawa, har tana cewa in sassauta.

Saura goma sha uku. Allo kore.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 4:15 na yamma

Saura goma sha biyu.

Maman yara ta ce ta lura tun watan jiya. Ban tambaye ta abin da ta lura da shi ba. Ta kawo duk magungunan da ke cikin durowar gadona a leda, wai likita ta ce a kai mata su gaba ɗaya, har da wanda nake saya a kemis in barci ya ƙi. Na ce wannan ai ba magani ba ne. Ta ɗaure bakin ledar.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Auta ta kira daga makaranta. Ita ce ƙaramarmu, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Mun yi shawara ba za mu gaya mata ba sai an san abin da za a gaya mata. Ta ce, "Baba, muryarka ta yi sanyi." Na ce sanyin ofis ne.

Ba zan rubuta maganar mahaifina ba. Likita ta tambaya ranar Asabar ko akwai irin wannan a danginmu, na ba ta amsa, ya isa.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 3:30 na yamma

An ɗebi jini kwalba huɗu, sannan hoton kai. Ma'aikacin ya ce injin yana da ƙara, mutane kan tsorata, ya ba ni abin toshe kunne. Da suka tura ni ciki na ji ƙugin, sai na ce a raina ai wannan bai kai ƙugin layi na takwas na ofis ba. Barci na yi. Sai da ya taɓa ƙafata na farka.

Sakamako sai ranar ashirin ga wata. Kwana goma.

Na wuce ofis, mun gama ɗaya. Saura sha ɗaya.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Biyu yau. Saura tara. Kore.

Alƙaliya ta nuna mini rahoton da za ta miƙa kan abin Alhamis. Sunana na ciki. Ta ce, "Ba zan iya cirewa ba, Kawu, abin da ya faru ke nan." Na ce da ta cire da na daina ce mata Alƙaliya. Ta ɗago da sauri. Ashe ta ɗauka ban san ta san sunan ba, ni kuma na ɗauka ba ta san ni na sa mata ba. Muka yi dariyar da har mai shara ta leƙo.

Layi ɗaya ne a kaina. Sauran shafi biyun duk a kan cewa bai kamata a ce akwai wanda zai iya rufe ƙofar asibiti shi kaɗai ba, ko ni, ko ita, ko Manaja. Ta nemi a karɓe babban makulli daga hannun kowa, a ajiye shi inda sai mutum biyu sun haɗu za a ɗauko.

Na ce ta ba ni kwana biyu kafin ta miƙa. Ina so Manaja ya ji daga bakina.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 2:20 na rana

Yau ba daɗi.

Laraba, ƙarfe 5:50 na yamma

Na tsaya a gaban firij ɗin ofis da cokali a hannuna, ban san ko na ci abinci ko yanzu zan ci ba. Sai da na buɗe kwanon na ga wayam.

Ba mu yi ko ɗaya ba. Na ce wa Alƙaliya kaina na ciwo. Ta ce ita ma tana da wani aikin. Ba ta da wani aikin.

Na buɗe allo kafin in taho, na karanta tarihin canje-canjen yau daga farko har ƙarshe. Babu sunana. Ko na so ma ba zan iya ba, na sani. Amma na karanta sau biyu, kuma na ji sanyi a raina.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 10:40 na safe

Na shiga wurin Manaja. Yaro ne a kaina, ni na koya masa murɗa wayar sadarwa lokacin da ya zo, amma na tsaya a tsaye har sai da ya ce in zauna.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da na ce a hukunta, ga shi."

Ya ce, "Na sani tun ranar, Kawu. Duba-gari yana aiko mini da saƙo ni ma."

Na ce, "Shi ne ka bar ni ina ta zuba a taro?"

Ya ce, "To ya zan yi, in katse Kawu yana magana?"

Sannan ya daina murmushi ya tambaye ni abin da likita ta ce. Na gaya masa abin da na sani, wanda ba shi da yawa. Ya ce kujerata tana nan. Ya ce ko me takardar asibiti ta ce, za mu zauna mu uku mu ga aikin da ya dace. Na yi masa godiya na fito da sauri.

Da rana mun gama ɗaya. Saura takwas.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Saura bakwai. Rabi ke nan. Kore.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

Kwana takwas ban sha na kemis ba. Barcin ba shi da yawa, amma in na tashi kaina ba ya yin nauyin nan kamar an cika shi da auduga. Ban gaya wa Maman yara ba, don kada ta ce ai ta faɗa. Ita ba Alƙaliya ba ce, za ta faɗa.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 6:25 na yamma

Mun maƙale.

Saba ta takwas ita ke kwafe bayanan makarantu tana kai su ma'ajiya duk bayan minti goma, don kada wani abu ya ɓata. A cikin saitinta akwai layin da ke hana ta kwafa duk ranar Juma'a daga ƙarfe goma na safe zuwa goma da minti arba'in. Rubutuna ne, ga fili biyun nan. Ko "kar a taɓa" ban rubuta ba. Kwanan watan ya nuna shekara goma sha ɗaya.

Alƙaliya ta ce, "Me ya sa?"

Na buɗe baki. Babu komai.

Na kalli layin har haruffan suka fara rawa. Zufa ta keto mini a cikin wannan sanyin. Na ji irin ramin nan na ranar Alhamis ya sake buɗewa a gabana.

Ta ce, "Kawu, shekara goma sha ɗaya fa. Ni abin da na rubuta a azumin bara ma sai na duba."

Na ce, "Ke ba a ɗauki hoton kanki ba."

Ban taɓa yi mata magana da wannan muryar ba. Ta rufe kwamfutar a hankali ta ce sai gobe.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 1:10 na rana

Na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, amma ba za ta sa layin a kundi ba tare da dalili ba, ba kuma za ta cire shi ba tare da dalili ba. Na ce to mu cire mu gani mana. Ta ce, "Ji wanda ke magana. Bayanan yara dubu nawa ne a ciki?"

Mun tono tsofaffin saƙonni, mun tono akwatin takardun da ke ƙarƙashin matakala. Babu.

Saura bakwai. Har yanzu bakwai.

Talata, ƙarfe 7:45 na yamma

Sai na rubuta wannan yanzu-yanzu.

Muna cin abinci, Maman yara ta ga ina juya cokali. Ta tambaya. Ban saba kawo mata maganar aiki ba, amma na gaya mata: Juma'a, ƙarfe goma, shekara goma sha ɗaya.

Ta ajiye kofinta ta ce, "Shekara goma sha ɗaya? Auta na aji shida na firamare ke nan. Ba ranar da aka ba ta kyautar lissafi ba ce? Juma'a ce. Muna zaune a layin gaba, ana shirin kiran sunanta, wayarka ta yi ƙara ka tashi ka fita. Ni kaɗai na tafa mata. Ka dawo bayan la'asar rigarka fara duk baƙin mai, kana ta zagin janareta. Kwana uku yarinyar nan ba ta yi maka magana ba. Rigar ma ba ta ƙara fita ba."

Janareta!

Duk Juma'a da ƙarfe goma ake gwada janareta. In aka sauya wuta, tsohuwar ma'ajiyar takan yi ɗan shaƙuwa na daƙiƙa biyu, in kuwa ana cikin kwafa a lokacin, kwafin ya lalace ba tare da kowa ya sani ba. Ranar nan muka gano haka. Ranar na rubuta layin. Duk ya dawo mini, har warin man, har fuskar mai gyaran janareta da hularsa mai yagaggen baki.

Na tashi na zaga tebur na kama hannunta. Ta ce, "Malam, lafiya? Sake ni, hannuna da miya." Na ce shekara goma sha ɗaya tana riƙe da wannan a ranta? Ta ce akwai sauran ma, in ina so ta jero mini.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 11:50 na safe

Alƙaliya ta sauka da kanta ta tambayi masu wuta. Har yau ƙarfe goma na Juma'a suke gwajin, ma'ajiyar ma ita ce dai. Da mun cire layin, da jibi kwafin ya fara lalacewa a ɓoye.

Ta rubuta dalilin a kundi, sakin layi guda cikakke. A ƙarshe ta ƙara: "Majiya: matar Kawu." Na ce ta goge. Ta ce ya riga ya shiga tarihi, ba ya goguwa.

Saura shida. Kore.

Gobe ashirin.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Na san ranar. Na san watan.

Alhamis, ƙarfe 12:40 na rana

Ba shi ba ne.

Likita ta ɗora hoton a allo ta nuna mana da bironta, nan da nan da nan, ta ce ba ta ga abin da nake tsoro ba. Ban taɓa gaya mata sunan abin da nake tsoro ba, amma ta sani. Ta ce akwai wani abu da ya yi ƙasa sosai a jinina, za a riƙa yi mini allura duk mako. Ta ɗaga kwalin na kemis ta ce wannan da na hawan jini ba sa jituwa, kada ta ƙara ganinsa a gidana. Maman yara ta gyara zama ta kalle ni. Ban kalle ta ba.

Na tambayi likita ko su ne suka cinye mini awa biyun Alhamis. Ta ce mai yiwuwa, amma ba za ta rantse ba. In dawo bayan wata uku a sake dubawa, in kuma ci gaba da rubutu.

Mun fito mun shiga mota. Na sa makulli na kasa murɗawa. Hancina ya yi ta zuba. Maman yara ta miƙo mini hankicinta, ta juya tana kallon wata mata da ke fama da lema a bakin ƙofar asibiti. Mun fi minti ashirin a haka. Daga baya ta ce, "In ka gama, rana tana dukana ta nan gefen."

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 5:15 na yamma

Na gaya wa Alƙaliya a taƙaice. Ta ce, "Masha Allah, Kawu," ta shiga neman wani abu a jakarta da ba ta samu ba har na bar wurin.

Biyu yau. Saura huɗu.

Mun kira Auta mun gaya mata komai. Ta yi fushi da aka ɓoye mata, ta yi kuka, sannan ta ce in ba ta Mama. Na ji suna ta ƙus-ƙus a ɗaki, na ji an ambaci janareta, na ji dariya.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 4:50 na yamma

Allura ta farko. Ma'aikaciyar jinyar ba ta da tausayi ko kaɗan.

Saura biyu.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 3:35 na yamma

Ta ƙarshe. Ita ce mafi tsufa a cibiyar, akwai tabon shayina a murfinta. Duba-gari ya yi zagayen gwaji ya ce babu bambanci. Alƙaliya ta turo mini kwamfutar ta ce ni zan danna. Na danna. Muka zauna muna kallon agogo har rabin awa ta cika, ya zo zagayensa na gaske, ya shiga layi na shida daga farko har ƙarshe, ya wuce.

Goma sha huɗu, duk kore.

Har yau ban san abin da na je yi a layi na uku ba. Na sake karanta umarnin nan ya fi sau ashirin. Wataƙila wata ƙofar na nufa, wataƙila wata shekarar. Na daina karantawa.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 2:15 na rana

Sabuwar doka ta fara aiki. Kowane canji sai mutum biyu, har nata. Manaja ya ce ni zan riƙa karanta na Alƙaliya.

Na farko ya iso da safe. Sabunta agogon sabobi ne, wai a fara da guda goma na gwaji, in sun zauna lafiya a bi da sauran mako mai zuwa. Shafi shida. Na sa tabarau, na bi shi layi-layi da yatsa, yadda nake yi tun ba a haifi rabin ma'aikatan nan ba. A shafi na biyar, wurin da ya kamata ta rubuta sunan rukunin gwaji, ta bar alamar da ke nufin duka. Duka ɗari huɗu, a lokaci guda, da tsakar ranar aiki.

Na karanta sau uku don in tabbata ba idona ba ne. Sannan na danna "a'a", na rubuta dalili. Cikakken dalili, da lambar layi.

Ba a yi minti biyu ba sai ga ta a tsaye a kaina, hannu a baki.

"Innalillahi. Kawu, sau biyu na karanta shi."

Na ce, "Injiniya, 'sau biyu na karanta' ba dalili ba ne."

Ta zauna a kujerar gefe tana dariya tana share ido. Ta gyara, ta sake turowa, na sake bin shafi shidan tun daga farko, tana zaune tana jira kamar 'yar makaranta. Sannan na sa hannu.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe 11:20 na safe

Maman yara ta aike ni kanti: sabulun wanki, ƙwan fitilar kicin, da abu na uku. Na dawo da sabulu da ƙwai biyu na fitila. Ina ajiye ledar na ga tana leƙa ciki, gabana ya faɗi. Na tsaya a ƙofar kicin ina lalube a kaina.

Na ce, "Na manta ɗaya, ko?"

Ta ce, "Batirin agogo."

Na ce, "Bari in rubuta a littafin, in nuna wa likita."

Ta juyo da ludayi a hannu ta kalle ni sama da ƙasa.

"Rubuta me? Malam, shekara talatin da ɗaya ina aikenka abu uku kana dawo mini da biyu. Ran da ka kawo ukun ne zan kai ka asibiti. Koma ka sayo."

Na sa takalmi na koma.